Ludayin Mama Mero

A unguwar Gwale, cikin birnin Kano, an yi wata mata ana ce mata Hassana, matar Ɗanjuma mai gyaran keken ɗinki. Su biyun Hausawa ne Kiristoci, daga wani ƙauye can wajen Ƙaraye. Sun shigo birni a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, suka kama hayar sashe guda a gidan wani dattijo, Malam Muttaka, ba su kuma sake tashi ba. A nan suka raini ɗansu tilo, Jibrin, har ya girma ya tafi Jos aiki. Zaman lafiya suke yi da mutanen gidan. In azumi ya zo, kullum sai an aiko wa Hassana da kunun tsamiya da ƙosai. In Kirsimeti ta zo, shinkafarta sai ta zaga gidan har ta tsallaka maƙwabta.

Hassana ba muguwar mace ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Tana da kyauta, tana da zafin nama, in aka ce wance ba lafiya ita ce ta farko a bakin ƙofa. Aibinta guda ne, amma ya isa ya rushe gida: in magana ta fita daga bakinta, to ta fita ke nan, ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta janye ba. Ita kuwa ba ta taɓa kiran wannan hali girman kai ba. Bangaskiya take ce masa.

Majami'arsu ƙarama ce, ta masu sujada da Hausa, a wajen ganuwa ta ɓangaren Sabon Gari. Kowace Lahadi, bayan waƙoƙi, Fasto Ɗantani yakan ɗaga kai ya ce, "Akwai mai shaida?" Wato wanda Ubangiji ya yi wa wani alheri a cikin makon ya tashi ya faɗa wa jama'a. Wasu sai su yi wata da watanni ba su tashi ba. Hassana kuwa, kafin Fasto ya rufe baki ta miƙe tana gyara ɗankwali. Yau ciwon ƙafa ne ya kama ta, ta yi addu'a ya gudu. Gobe adaidaita sahu ne ya kusa kifewa da ita, ta kira sunan Yesu ya dawo kan titi. Har samarin bencin baya suka riƙa cewa, ranar da ba a ji shaidar Mama Hassana ba, to a duba, ba ta zo ba ne.

Ita ce shugabar zumuntar mata. Amma uwar zumuntar ta ainihi ita ce Mama Mero, wata tsohuwa mai fama da ciwon suga, wadda ke zaune a bayan Ƙofar Mata tare da 'yarta Binta, ma'aikaciyar jinya. Mama Mero ce ta karɓi Hassana lokacin da ta zo birni ba ta san kowa ba. Ita ta nuna mata kasuwa, ita ta zauna mata wankan jego da aka haifi Jibrin. Ita ce kuma mai buga tulu in mata suna waƙa, tana dukan bakinsa da tafin hannu yana ba da amo a ƙarƙashin muryoyinsu. Ba ta da yawan magana, ba a taɓa ganin ta tashi ba da shaida ba.

Akwai wata al'ada da zumuntar ta gada daga hannun Mama Mero. Shekarun baya, wani ɗan ikkilisiya ya kwanta da cuta mai karya garkuwar jiki, a lokacin da mutane ke gudun masu ita ba gaira ba dalili. Har danginsa suka ware masa kofi da kwano. Mama Mero ta dama kunu, ta kai masa a ƙwarya, ta ba shi ya sha da ludayinta na duma. Sannan ta karɓa ta sha a gaban kowa, ta miƙa wa ta kusa da ita. Mutumin nan ya fashe da kuka kamar yaro. Daga ranar abin ya zauna. Duk gidan da aka je dubiya, marar lafiya shi ke fara sha, sannan ludayi ya zaga kowa ya kurɓa, don ya san ba a ƙyamarsa. Ƙin karɓar ludayin nan, a wurinsu, ya fi zagi muni.

Ana nan sai ga korona. Da fari labarin rediyo ne, abin da ke faruwa a ƙasashen nesa. Kafin a ankara ta iso Legas, ta iso Abuja, aka fara raɗe-raɗin ta shigo Kano. A Lahadin ƙarshe kafin a rufe wuraren ibada, Binta ta zo da takunkumin yadi cike da leda, ta tsaya a bakin ƙofa tana raba wa mutane, ga bokitin ruwa da sabulu a gefenta. Fasto Ɗantani ya sanar cewa daga mako mai zuwa kowa ya yi sujada a gidansa, dubiya ta koma ta waya, ludayin zumunta kuma a ajiye shi sai Allah ya yaye wannan annoba. Ya ce cutar nan ba irin waccan ba ce, ta numfashi da yawu take bi.

Da ya ce, "Akwai mai shaida?" sai Hassana ta miƙe. Takunkumin da aka ba ta yana hannunta, tana kaɗa shi da yatsa biyu.

Ta ce, "Jama'ar Allah, yau shaidata ta gaba ce, ba ta baya ba. Ni dai ban ga yadda za a yi in rufe bakin da nake yabon Ubangiji da shi da ƙyallen tela ba. Mai tsoro ya ɗaura, ban hana shi ba. Amma ku riƙe maganata: cutar nan ba za ta taka ƙofar gidana ba. In kuwa ta taka, ku sauke ni daga shugabanci, ku ce Hassana ba ta san Allahn da take bauta wa ba!"

Wasu suka yi guɗa, wasu suka yi dariya. Fasto ya girgiza kai ya ce, "Mama Shugaba, a yi a hankali, Allah ba ya son a gwada shi." Ɗanjuma, can a bencin maza, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Mama Mero ta ɗaura nata takunkumin, ta jawo tulunta.

Aka sa dokar kulle. Gari ya yi tsit, ga zafin bazara, ga azumi ya kama. Masallacin unguwa ma aka rufe, Malam Muttaka ya koma jan iyalinsa salla a tsakar gida. Sai mutuwa ta fara shiga lungu-lungu, yawanci dattawa, yau a ce wane ya rasu, gobe a ce wane. Hassana takan kira matan zumunta ɗaya bayan ɗaya a waya, ta yi musu addu'a, ta kuma tuna musu cewa ita fa har yanzu ko atishawa ba a yi a gidanta ba.

Ɗanjuma mutum ne mai sanyin hali, amma zama ba ya ciyar da gida. Duk ranar da aka sassauta dokar don mutane su yi cefane, sai ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya nufi shagunan teloli a Shahuci, don ɗinkin salla ya matso, kekuna kuma ba sa jin kulle. A ɗan ƙaramin shago ake cunkushewa, shi a durƙushe yana kwance keke, mutum biyar a kansa suna jira. Wata rana ya dawo jikinsa zafi rau. Ya ce kansa ke sarawa. Kashegari Hassana ta yi masa miyar kuka da daddawa, wadda ya fi so, ya kurɓa ya dube ta.

"Maman Jibrin, yau kin manta gishiri da daddawa ne?"

"Ni? Ka taɓa jin na manta?"

"To ba na jin komai. Ko ƙamshin ba na ji."

Nan take ta gane, don ta ji ana faɗar wannan alama a rediyo. Amma ta dake ta ce, "Zazzaɓin sauro ne, yakan kashe baki."

Bayan kwana biyu tari ya zo, busasshe, mai sa mutum ya dafe ƙirji. Gidan haya ba ya ɓoye tari. Malam Muttaka ya tako har bakin sashensu, ya tsaya daga nesa ya yi sallama.

Ya ce, "Maman Jibrin, tarin nan na Ɗanjuma bai yi mini ba. Akwai lambar da ake kira su zo su duba mutum. Ko kuwa in sa a nemo mota a kai shi asibiti yanzu, tun da sauran ƙarfinsa?"

Ta ce, "Malam, mun gode. Mura ce ta haɗu da zazzaɓi. Muna addu'a."

"Mu ma muna yi masa. Amma addu'a ba ta hana magani, kin sani. Shekara ashirin muna tare, ba zan ji wannan in yi shiru ba."

"In ya kai ga haka zan faɗa, Malam."

Dattijon ya juya yana girgiza kai, ya ce wa iyalinsa kada yara su ƙara zuwa wajen sashen.

Da ta koma ɗaki, Ɗanjuma ya kama gefen zanenta. "Ki bar Malam ya kira su. Numfashina ba ya kaiwa ƙasa."

"Baban Jibrin, so kake motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidan nan, masu fararen kaya su fito da kai, gobe labari ya kai majami'a? Ka manta abin da na faɗa a gaban jama'a?"

"Ke kika faɗa, ai ba Allah ne ya faɗa ba."

"Ka ga irinta ko? Rashin bangaskiyarka ne ke ƙara maka ciwon. Ka ba ni kwana kaɗan kawai. Za ka tashi, mu tsaya tare mu ba da shaidar da ba a taɓa jin irinta ba."

Ya saki zanen, ya juya fuskarsa bango. Tun aurensu bai taɓa cin ta a gardama ba, balle yanzu da magana ma take yi masa wuya. Kada a ce Hassana ba ta son mijinta. Tana son sa ƙwarai, tana fita bayan ɗaki ta yi kuka ta share ido ta dawo. Sai dai duk lokacin da ta ɗauki waya za ta kira lambar nan, sai ta ga kanta tsaye a majami'a tana kaɗa takunkumi, ta ji dariyar samarin bencin baya, sai ta ajiye.

Fasto Ɗantani ya kira ya tambayi lafiyar gida, ta ce lafiya lau. Jibrin ya kira daga Jos ya ce a ba shi babansa, ta ce yana barci. Ta yi azumi, ta yi addu'a har muryarta ta dishe, jikin Ɗanjuma sai ƙara lalacewa yake. Sai ta ce a ranta, addu'ar mutum ɗaya ce ba ta isa ba. In matan zumunta suka zo suka kewaye shi da waƙa, aka zaga ludayi kamar yadda aka saba, dole ya tashi. Ta kira Mama Mero.

"Mama, Baban Jibrin ne ba ya jin daɗi. Gobe ranar sassauci ce, ina so ku zo mana dubiya."

"Subhana! Me ya same shi?"

"Zazzaɓin sauro ne, har an gwada a kemis."

Tsohuwar ta ce, "Hassana, tsakaninki da Allah, yana tari?"

A nan ne Allah ya buɗe mata ƙofa ta ƙarshe. Kalma ɗaya ce za ta faɗa, Binta ta ji, a zo a ɗauke shi. Ta dubi ɗakin da mijinta ke kwance, ta ce, "Ko kaɗan, Mama. Ba ya tari."

Kashegari da hantsi Mama Mero ta fito bayan Binta ta tafi aiki. Ta tako a ƙafa tana hutawa a hanya, tulu a kanta, 'yan mata biyu na zumunta suna riƙe mata da ƙwaryar kunu. Suna shiga zauren Malam Muttaka tarin Ɗanjuma ya tarbe su, mai tsawo, kamar ba zai tsaya ba. Tsohuwar ta tsaya cak. Hassana ta fito da fara'a tana cewa, "Sannunku da zuwa, ƙwarewa ya yi da ruwa."

Mama Mero ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta juya ga 'yan matan ta ce, "Ɗakin nan ƙarami ne, ga zafi. Ku tsaya nan tsakar gida, ku yi mana amshi daga nan." Ta karɓi ƙwaryar da kanta ta shiga.

Ta samu Ɗanjuma a jingine da bango, ya rame, leɓɓansa sun yi duhu. Ta zauna a bakin tabarmarsa, ta ajiye tulun tsakanin ƙafafunta, ta fara bugawa a hankali. Ta ɗauko waƙa, 'yan matan suna amsawa daga waje. Hassana ta ɗaga hannuwa sama tana addu'a da ƙarfi yadda duk gidan zai ji. Da aka gama, ta ɗebo kunu a ludayi ta kai bakin mijinta. Ya kurɓa da ƙyar, tari ya sarƙe shi, ya fesa rabi a cikin ludayin. Ta sake ɗebowa, ta miƙa wa Mama Mero.

Ɗanjuma ya ɗaga hannu yana haki. "Mama, kada ki sha. Don Allah kada ki sha."

Hassana ta ce, "Ji wata magana! Tun yaushe muka fara ƙyamar marar lafiya a zumuntar nan? Ita da ta koya mana? Mama, karɓi, kada shaiɗan ya yi mana dariya."

Ta faɗa da ƙarfi, 'yan matan da ke waje suna ji. Mama Mero ta karɓi ludayin. Ta ce, "Ɗanjuma, kwantar da hankalinka, ba yau na fara ba." Ta sha.

Hassana ta miƙa hannu za ta karɓa ta kai wa na waje, sai tsohuwar ta riƙe abinta gam. Ta ce, "A'a. Yau tafiyar nan ta sa ni yunwa, na shanye rabon kowa." Ta sa ludayin cikin ƙwaryar ta tura ƙarƙashin gado. Hassana ta yi dariya, ta ɗauka tsufa ne da kwaɗayi. Ranta ya yi fari, a ganinta ta yi nasara.

Da za ta fita, Mama Mero ta tsaya a bakin ƙofa ta rage murya. "'Yata, ki kai shi asibiti yau. Ba gobe ba."

"Mama, ai an gama, addu'a ta karɓu."

"Na dai faɗa miki."

Ba ta kai shi ba. Ta zauna tana jiran ya miƙe ya nemi tuwo. Bayan kwana biyu, da rana tsaka, ta shigo da ruwa ta tarar idanunsa sun juye, yana jan numfashi da baki buɗe. Sai a lokacin ta ƙwalla ihu. Malam Muttaka bai tsaya tambayarta ba, ya ɗaura rawani a hanci, ya fita cikin ranar nan da azumi a bakinsa ya nemo mota. Aka yi ta yawo da shi, nan a ce babu gado, can a ce babu iskar da za a sa masa. A ƙarshe wani likita ya leƙo cikin motar, ya taɓa wuyansa, ya ɗago ya ce, "Kun makara. Me ya sa ba ku kawo shi tun farkon ciwon ba?" Hassana ta dubi fuskar Ɗanjuma. Kan mijinta yana kan cinyarta, bai ma yi mata sallama ba.

Dattijon ikkilisiya irin Ɗanjuma, in da a lokacin lafiya ne, da majami'a ta cika ta batse, mata sun raka shi da waƙa har bakin kabari. Shi kuwa mutum huɗu masu fararen kaya suka sa shi a rami, Fasto Ɗantani yana tsaye daga nesa yana addu'a shi kaɗai. Jibrin bai samu hanyar zuwa ba, an rufe iyakokin jihohi. A waya ya yi ta kuka yana cewa, "Mama, ba kin ce barci yake ba?" Ita kanta ba ta ga kabarin ba, don an gwada ta an samu cutar, aka wuce da ita wurin killacewa.

Abin takaici, ita ko kwanciya ba ta yi ba. Ɗan zazzaɓi ne ya zo ya wuce. Tana can aka kira ta aka ce Mama Mero ta kwanta, ciwon suga ya haɗu da tari. Ta durƙusa ta yi roƙo irin wanda ba ta taɓa yi ba, ba ɗaga murya, ba alkawarin shaida. Cewa kawai take, "Ubangiji, ka ɗauke ni ka bar ta." Ranar da aka sallame ta, ranar aka binne Mama Mero.

Ta koma Gwale, ɗaki ya yi mata faɗi. Jakar aikin Ɗanjuma tana rataye a ƙusa. Matar Malam Muttaka takan ajiye mata abinci a bakin ƙofa, ta yi mata gaisuwa a mutunce, amma hirar tsakar gida ta mutu. Wata rana tana shara ta jawo ƙwaryar daga ƙarƙashin gado, kunun ya bushe ya tsattsage, ludayin yana ciki. Ta wanke shi, ta naɗe a ƙyalle.

Da damina ta yi nisa aka buɗe wuraren ibada. Hassana ta tafi majami'a da takunkumi a fuska, ta zauna a bencin baya. An ware kujeru nesa da juna, mutane ba su kai rabi ba. Mata suka tashi waƙa, ba mai buga tulu, muryoyinsu suka riƙa watsewa kowa da inda ya nufa. Fasto ya ce, "Akwai mai shaida?" Kawuna suka juyo wajenta bisa sabo. Ta kafe idonta a ƙasa, har ya gaji da jira ya buɗe wa'azi.

Bayan an tashi ta same shi a bakin ƙofa. Ta ce, "Fasto, na zo in cika alkawarina. A sauke ni."

Ya ce, "Wane alkawari, Mama Shugaba?"

"Wanda na yi a gaban jama'a, cewa in cutar ta shiga gidana a sauke ni."

Ya ɗan yi tunani, sannan ya ce, "Af, wannan? Haba Mama! Wa ya riƙe wannan magana? Kowa ya san bakinki, ko kafin mu kai gida an manta. Da kin kira ni tun ranar farko, da ni da kaina zan kai shi asibiti."

Ta dafa bango. Maganar da ta tsare da ran mijinta, ashe ba wanda ma yake tune da ita.

Tana nan dafe sai ga Binta ta fito, ta rame, baƙin ɗankwali a kanta. Hassana ta ciro ƙullin daga jaka, ta miƙa mata da hannu biyu.

"Binta, ga ludayin Mama. A wurina ta bar shi."

Binta ta dubi ƙullin, ba ta miƙa hannu ba. Ta ce, "Mama Hassana, kafin ta cika ta ba ni saƙo gare ki. Na yi ta kokawa da zuciyata a kan in faɗa ko kada in faɗa, amma amana ce. Ta ce tun daga zaure ta ji tarin, ta san abin da ke ɗakin. Ta ce ta shiga ne don ta ga ba za ki yarda da maganar kowa ba, ko za ki yarda da tata. Ta sha ne kuma don kada ta kunyata ki a gaban yara. Ta hana ni gaya wa kowa abin da kika ce mata a waya, ban kuma gaya ba. Sunanki yana nan yadda kike so."

Binta ta ci gaba.

"Ta ce ta yafe miki. Ni ban kai nan ba tukuna, ina roƙon Allah ya kai ni. Ludayin kuwa ki riƙe shi. Ba wanda zai ƙara sha da shi."

Ta juya ta tafi. Hassana ta bi hanyar Gwale a ƙafa, ƙullin a hannunta. Ba wanda ya sauke ta daga shugabanci, ba wanda ya taɓa yi mata gori. Ta ci gaba da zuwa sujada kowace Lahadi, tana zama a bencin baya. Amma daga ranar ba a sake jin muryarta a majami'ar ba, ko a waƙa ko a shaida.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman kai ya fi haɗari in ya ɓuya a cikin ibada, don mai shi ba ya gane cewa cuta ce, gani yake kusanci ne da Allah. Bangaskiya ba ta hana neman magani, ba ta kuma bukatar ƙarya ta tsare ta. In ka faɗi magana a gaban jama'a daga baya ka ga kuskure ce, ka janye ta da wuri. Kunyar janyewa ta yini ɗaya ce, mutane ma ba su riƙe maganarka kamar yadda kake zato ba. Kuma ka ji tsoron ƙaryar da za ka yi wa masu ƙaunarka, domin su ne ba za su guje ka ba, su ne kuma za su biya da abin da ba za ka taɓa iya mayar musu ba.